An ba ta likitancin haƙori maimakon MBBS: ta karɓa ko ta jira baɗi?

Baban Khadija: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke harkar asibiti a cikinmu. Yarinyar wajena ta nemi MBBS, wato karatun likitan da ke duba jiki gaba ɗaya, makinta bai kai inda aka yanke ba, sai jami'ar ta ba ta BDS, wato likitancin haƙori. Mahaifiyarta na cewa ta haƙura ta sake JAMB baɗi. Ita kuwa yarinyar ta kafe a kan tana so, wai akwai likitocin da ba sa duba kowa sai haƙoran yara, irinsu take son zama. Ni dai ban taɓa jin wannan fanni ba sai a bakinta. Shin karatu ne da ya cancanci a ba shi shekara shida? An ba mu ƙurarren lokaci mu amsa.

Kawu Na Fagge: Wa alaikumus salam. A nawa ganin ta sake. Likita shi ne wanda zai duba mutum daga kai har ƙafa. Mai cire haƙori ai ko a bakin kasuwa akwai shi da 'yar tabarmarsa. Yarinya ce ƙarama, shekara ɗaya ba za ta rage ta da komai ba.

Maman Walid: Haba Kawu, ba a haɗa su ba. Dakta tana cikin zauren nan, kuma wannan ne ainihin aikinta. Don Allah Dakta in kin samu sarari ki leƙo, maganar taki ce.

Dakta: Wa alaikumus salam. Yanzu na taso daga aiki na ga an ambace ni. Baban Khadija, Allah ya sanya alheri. Kawu, da girmanka, amma maganar bakin kasuwa ta sosa mini rai, domin ɓarnar waɗancan mutanen muke gyarawa kullum. Su karya haƙori su bar saiwar a ciki, bayan kwana biyu a kawo mana yaro fuska ta haye, ido ya rufe.

Ga yadda hanyar take. BDS shekara shida ce daidai da MBBS, in yajin aiki bai shiga tsakani ba. Shekarun farko ma aji ɗaya ake zama: tare ake fiɗar gawa don sanin sassan jiki, tare ake karatun cututtuka da magunguna, har zagayen ɗakunan marasa lafiya da mu ake yi. Daga baya ake rabuwa. Mu sai a kai mu wani ɗaki mai jere da kawunan roba, kowanne baki a buɗe, a nan ɗalibi zai yi ta fafe haƙori yana cikewa har hannunsa ya faɗa, kafin a yarda ya taɓa bakin ɗan Adam. In an kammala, hukumar MDCN da ke yi wa sauran likitoci rajista ita ce dai ke yi mana. Sai shekara ɗaya ta horo a asibiti ƙarƙashin manya, sai bautar ƙasa.

Duk wannan likitar haƙori ta kowa da kowa zai mai da ita. Zama ta yara wani zango ne daban. Sai ta ci jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, ko ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta likitocin tiyata na Afirka ta Yamma, sannan ta nemi gurbi a asibitin koyarwa. A nan za ta zagaya dukkan sassan haƙori tukuna, ta ci jarrabawa ta ɗaya, sannan ta tsaya a kan yara kaɗai, ta yi bincike ta rubuta kundi, ta kare shi gaban manya a jarrabawa ta biyu. Shekara biyar zuwa shida ke nan in komai ya tafi daidai, kuma tana karɓar albashi a lokacin. Ka haɗa lissafin da kanka Baban Khadija, tafiyar ta haura shekara goma sha biyu. Ba na ɓoye wa kowa wannan.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada ta karɓa da niyyar sauyawa zuwa MBBS a aji biyu. Kowace makaranta da adadin ɗaliban da hukuma ta ƙayyade mata, sauyin yana da wuya ƙwarai, kuma wanda ya shigo da rabin zuciya shi ya fi kowa shan wahala a ɗakin kawunan roba.

Likitan Ƙauye: Dakta, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, tare muka yi aji da 'yan BDS kuma babu wanda ya fi wani ƙwaƙwalwa. Amma ni ta wata fuskar nake kallon abin. Inda nake aiki ni kaɗai ne likita a babban asibitin ƙaramar hukuma. Abin da ke kashe yaranmu zazzaɓin cizon sauro ne, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, da tamowa. Mata na mutuwa wurin haihuwa saboda babu likita mace da mazansu za su yarda ta duba su. In yarinya mai ƙoƙari irin wannan za ta iya samun MBBS baɗi, ni zan ce Arewa ta fi buƙatarta a can. Haƙori kujera yake so, da wuta, da injin iska, da kayan da duk daga waje ake shigo da su. Mu nan ko fitilar ɗakin haihuwa da hasken rana muke kunna ta.

Kawu Na Fagge: Yauwa, ka faɗi abin da ke raina. Kuma haƙoran yara ai zubewa za su yi. Mu da muka yi famfara muka jefa a kan rufin ɗaki don kada ƙadangare ya gani, wane likita muka je wa? Ga mu nan da haƙoranmu.

Dakta: Kawu, wannan maganar ta "ai zubewa za su yi" ita ce ta fi kowace cika mana layi, don haka bari in tsaya a kanta.

Haƙoran nono guda 20 ne. Na farko yakan ɓullo wajen wata shida, su cika kafin shekara uku. Na gaba su ke fara zubewa wajen shekara shida, shi ya sa ake ganin kamar duka na ɗan lokaci ne. Amma turamen baya, waɗanda yaro ke tauna da su, ba sa fita sai shekara goma zuwa goma sha biyu. Yaron da turminsa ya yi kogo yana shekara huɗu, ashe shekara shida ko bakwai za a ce ya jira da ciwo? Ba ya iya cin tuwo sai koko, ba ya barcin dare, ba ya zuwa makaranta. Kuma a ƙarƙashin kowane haƙorin nono akwai na dindindin yana girma, ruɓar sama tana iya sauka ta taɓa shi. Haƙorin nono kamar wanda ya riƙe wa ɗan'uwansa wuri ne a sahu: in ya tashi da wuri sai na kusa su matso, mai wurin ya zo ya rasa inda zai tsaya, ya fito a karkace.

Sannan akwai wanda ya fi ba ni takaici. A shekara shida wani turmi na dindindin yana fitowa can baya, ba tare da wani haƙori ya fita ba. Iyaye ba sa lura, sun ɗauka na nono ne. Sai uwa ta kawo yaro ɗan shekara tara ta ce a cire, ai wani zai fito, in ce mata Hajiya wannan ba shi da magaji. Shirun da uwa ke yi a wannan lokacin ban taɓa sabawa da shi ba.

Zamaninku Kawu alewa sai ranar kasuwa ko sallah. Yanzu yaro ya tashi da shayi mai sukari cokali uku, a sa masa biskit da lemon kwali a jaka, a tashi tara ya sayi gullisuwa da tuwon madara a bakin makaranta, da yamma cingam, da dare a kwantar da ƙaninsa da fida cike da madara mai zaƙi a baki. Ba tsutsa ce ke cin haƙori ba. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukarin su fitar da tsami, tsamin ya zaizaye haƙori. Kuma yawan maimaita zaƙin a yini ya fi yawan abin da aka ci a zama ɗaya illa.

Hajiya Kaka: Likita, tunda ana maganar haƙoran yara ni ma ina da tambaya. Na haifi tara, na yi renon jikoki ban san adadi ba. Duk wanda zai fitar da haƙori sai ya yi zawo da zazzaɓi. Yanzu surukata ta ce wai a asibiti an ce mata babu ruwan haƙori da zawo. Mu da muka gani da idonmu fa?

Anti Nas: Hajiya, kafin Dakta ta amsa bari in tuna mana wani abu, don ina aiki a ɗakin yara lokacin. A ƙarshen 2008 aka yi masifar maganin haƙorin nan mai suna My Pikin. An samu gubar da ke lalata ƙoda a cikinsa, yara akalla 84 suka rasu a ƙasar nan, hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna kuma ta kwashe shi daga kasuwa. Jarirai ne da fitsari ya ɗauke musu gaba ɗaya. Iyayensu ba mugunta suka yi ba, so ne ya sa suka saya, don an gaya musu fitar haƙori ciwo ne da sai an sha masa magani. Har gobe in na ga uwa da kwalbar maganin haƙori a jaka sai gabana ya faɗi.

Dakta: Hajiya, abin da kika gani da idonki gaskiya ne, lokacin ne ya haɗu. Wata shida shi ne sa'in da garkuwar da yaro ya samo daga jikin uwa take raguwa, ya fara rarrafe, ya fara kai komai baki, an fara ba shi kunu da ruwan da ba lallai mai tsabta ba. Haƙori na fitowa, cuta kuma na shiga, sai haƙorin ya ɗauki laifi. Abin da shi kansa yake kawowa dalala ce, da ƙaiƙayin dasashi, da rigima, wani lokaci ɗan ɗumin jiki. Amma zawo mai yawa ko zazzaɓi mai zafi, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti a ranar. Tsoronmu shi ne a zauna ana cewa haƙori ne har yaro ya bushe.

Hajiya Kaka: To na ji. Asibitin dai za mu kai, wannan ba gardama. Amma ni har yanzu ina ganin haƙori da nasa.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ina biye da ku daga nan Nijar. Ina so in mai da magana ga Likitan Ƙauye da ya ce haƙori ba ya kisa. A nan Damagaram akwai gidan ƙungiyar Sentinelles da ke kula da yara masu cutar noma, wato ciwon da ke cinye baki da fuska. Wanda ya taɓa shiga wurin ya ga yaro kumatu ya ɓule har ana hango haƙora daga waje, ba zai ƙara cewa ciwon baki ƙaramin abu ba ne. Yawancinsu daga ƙauyuka ake kawo su, bayan an gama yawon magani a gida.

Likitan Ƙauye: Ban ce ba ya kisa ba, Malam, cewa na yi wasu sun fi shi kisa. Amma noma kam na gan ta, Allah ya raba mu da ita.

Dakta: Amin. Kuma nan ne nake ganin aikina da naka suka haɗu, ɗan'uwa. Noma ba daga sama take faɗowa ba. Da gyambon dasashi take farawa, da warin baki da zubar jini, galibi a yaro ɗan shekara biyu zuwa shida mai tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. A wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. In aka bari, cikin 'yan kwanaki ta cinye nama da ƙashi, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa. Asibitin yara masu cutar noma na Sakkwato tun 1999 yake aiki, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Tambayata ita ce, a cikin yaran da ake auna wa hannu a layin tamowa, nawa ne ake ce wa buɗe bakinka? Wa zai koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye abin da za su duba in ba mu da masu wannan ilimin?

Maganar kujera da wuta kuma, ba komai ke buƙatarsu ba. Akwai wani ruwan magani mai sinadarin azurfa da fulorayid da ake ɗigawa a kogon haƙori ya tsayar da ruɓar, babu allura babu inji, illarsa kawai wurin yakan yi baƙi. Akwai ciko da ake yi da kayan hannu zalla. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magunguna na dole. A ƙarƙashin bishiya a harabar firamare ma ana yin su.

Likitan Ƙauye: Wannan na karɓa. Saura ku fito daga birni. Makarantun haƙori na Arewa da na sani, irin na Bayero da na Maiduguri, suna yaye ɗalibai, amma in ka bar Kano da Kaduna da Abuja sai ka yi tafiyar yini ba ka ga likitan haƙori ba, balle na yara. Wasu ma da sun gama sai jarrabawar Ingila ko Saudiyya.

Dakta: Ba zan musa ba. Ciwon namu ne duka, naku ma haka suke tafiya.

Baban Khadija: Na gode ƙwarai, na ƙaru. Dakta, saura tambayoyin mahaifiyarta, tana kusa da ni. Na farko, abin yana riƙe mutum ta fuskar samu? Na biyu, mace za ta iya haɗa shi da gidan aure? Ni kuma nawa, wane irin hali ake so ga mai wannan aiki, don in auna da yarinyar?

Dakta: A gaida Maman Khadija. A aikin gwamnati tsarin albashi ɗaya muke da sauran likitoci, mataki ɗaya kuɗi ɗaya. Buɗe asibitin kai kuwa yana cin jari sosai, kuma na yara bai kai wasu fannonin haƙori kawo kuɗi ba, domin yaro ɗaya zai ci lokacin manya uku, ga iyaye da yawa ba sa ganin dalilin biyan kuɗi a kan haƙorin nono. Wadda ke neman arzikin gaggawa ba nan za ta zo ba. Rufin asiri dai akwai, alhamdu lillahi.

Aure kuma, ina cikin horon ƙwarewa na yi goyo, da taimakon mahaifiyata da haƙurin maigida. Ana kwanan asibiti, domin yaran da suka faɗi suka fasa baki ko fuska ta kumbura ba sa zaɓar lokaci, amma kiran dare bai kai na masu karɓar haihuwa ba.

Hali shi ne babba. Ka ga, yaro ba ya zuwa wurinmu da ƙafarsa, janyo shi ake yi, kuma tun a gida an gama tsorata shi da "in ba ka yi shiru ba likita zai yi maka allura". Don Allah iyaye a daina wannan. Yaro ɗan shekara uku in ya shigo yana ƙanƙame da zanen uwarsa, ba na kai shi kujera. Nakan zauna gwiwata na taɓa gwiwar uwar, yana kan cinyarta yana kallonta, sai a kwantar da kansa a kan cinyata. In ba shi ƙaramin madubin ya riƙe, in ce mu ƙirga haƙoran Mama tukuna. Duk abin da zan sa masa a baki sai na gaya masa, na gwada a kan farcensa ya ji, sannan in yi. Wata rana duk abin da za a samu a zuwan farko shi ne ya yarda ya buɗe baki, kuma ni a wurina an yi aiki. Ban taɓa ce wa yaro ba zafi alhali da zafi, domin in ya kama ki da ƙarya sau ɗaya kin rasa shi, wataƙila har ya girma. Ga masu sikila, da masu ciwon zuciya, da masu lalurar ƙwaƙwalwa, da waɗanda aka haifa da tsagaggen leɓe, duk namu ne, kowanne da irin kiyayewar da yake so.

Ka duba ko tana da aikin hannu. Ni tun ina sakandare nake zanen lalle da saƙar kwarashi, har yau in na gaji ita ce hutuna, hulunan jarirai nake saƙawa in kai ɗakin haihuwa. Mai iya jan layin lalle siriri ba tare da hannu ya yi rawa ba ta riga ta samu wani abu da ba a koyarwa a allo. Sai tatsuniya. Na Gizo da Ƙoƙi da kakata ta yi mana su nake yi wa yara ina aiki, in kai daidai wurin daɗi in ce sai ka buɗe baki za ka ji ƙarshen. Kuma ta saba da motsa jiki tun yanzu, don sunkuyo yana cin wuya da baya. Ni tafiyar ƙafa nake yi bayan sallar asuba.

Mafi alheri, ka turo ta ta yini da ni a asibiti ta gani da idonta, har da kukan da amai da cizon yatsa. In ta fito tana son komawa, ka bar ta. In ta fito tana yamutsa fuska, ta sake JAMB ba tare da kowa ya tilasta mata ba.

Baban Khadija: Wallahi wannan ita ce shawara. Zan biyo ki ta akwatin sirri mu tsayar da rana cikin makon nan. Lalle kam ita ke yi wa duk 'yan gidanmu.

Kawu Na Fagge: Allah ya zaɓa mata mafi alheri. Ni dai ina nan a kan MBBS, amma ba zan hana ba.

Malam Na Islamiyya: Dakta, kafin ki tafi, tambaya biyu a gurguje. Mu asuwaki muke koya wa ɗalibai saboda sunna, ya wadatar ko sai an haɗa da makilin? Sannan yara na yawan faɗuwa a filin makaranta, in haƙori ya fita ɗungurungum me ya kamata malami ya yi?

Dakta: Allah ya gafarta Malam, a ci gaba da asuwaki, yana wanke haƙori sosai in an iya riƙe shi. A haɗa da burushi da man goge baki mai fulorayid sau biyu, safe da kuma dare kafin barci, na daren ya fi muhimmanci. Ƙasa da shekara uku a shafa ɗan kaɗan daidai ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida daidai ƙwayar wake ƙarama. Ya tofar, kada ya kurkure da ruwa. Babba ne zai riƙa goge masa ko ya tsaya a kansa har wajen shekara bakwai ko takwas.

Haƙorin da ya fita kuwa, a fara duba shekarun yaron. In na nono ne kada a mayar, zai iya lalata na ƙasansa, a danna wurin da tsumma mai tsabta a kai shi a duba. In na dindindin ne, na gaban nan manya da ke fitowa daga shekara shida zuwa takwas, a ɗauke shi ta kan da ake gani a baki, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan da madara, a mayar da shi raminsa nan take in yaron ya yarda, ya ciji hankici a kai. In ba a iya ba, a tsoma shi cikin madarar ruwa, ko yaron ya tofa yawu a kofi a sa a ciki. Ban da naɗewa a takarda, ban da jiƙawa a ruwan famfo. A isa wurin likitan haƙori cikin awa ɗaya, kuma a zo da katin rigakafinsa saboda a duba allurar tetanus.